Sanya wa mota tukunyar iskar gas: Ina matsayin inshora?

Tun bayan da gwamnatin Nijeriya ta janye tallafin man fetur a ranar 29 ga watan Mayun 2023, masu motoci suka shiga neman hanyoyin rage kuɗin da suke kashewa a gidan mai. Litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 kafin wannan rana ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma ya zuwa ƙarshen shekarar 2024 ta wuce naira dubu ɗaya a sassa da dama na ƙasar.

Ɗaya daga cikin hanyoyin da aka fi magana a kansu ita ce sanya wa mota tukunyar iskar gas, yadda za ta riƙa aiki da gas ɗin ko da fetur. Sai dai akwai wani ɓangare na lamarin da ba a cika tunawa da shi ba, wato takardar inshorar da ke cikin motar.

Kamfanin inshora yana ɗaukar alhakin mota ne bisa siffar da aka bayyana masa a ranar da aka ƙulla yarjejeniya. Idan siffar ta canza ba tare da saninsa ba, mai motar na iya zuwa neman diyya a ranar da tsautsayi ya auku, ya tarar cewa takardar da ke hannunsa ba ta da amfanin da ya zata.

Hanyar Katsina zuwa Dutsin-Ma

Wannan batu ya shafi garuruwa irin su Dutsin-Ma da Kurfi a tsakiyar jihar Katsina, inda mota take hanyar neman abinci ga ɗimbin magidanta.

Hanyar da ta tashi daga birnin Katsina ta ratsa Kurfi ta isa Dutsin-Ma, mai tsawon kimanin kilomita 60, ta ƙara cika da zirga-zirga tun bayan kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011. Malamai da ɗalibai da ma'aikata na bin ta a kullum, haka ma na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. A kanta ne kuma ake fitar da hatsi da dabbobi daga kasuwannin yankin, da kifi da kayan lambu daga kewayen madatsar ruwa ta Zobe.

Sauya wa mota fasali ba baƙon abu ba ne a irin waɗannan wurare. Akan cire kujerun bayan mota domin ta ɗauki buhuna. Akan ƙara wa akori-kura sifirin domin ta jure lodi, ko a yi wa bas waldar kariya a kan rufi. Idan inji ya gaji, akan sayo wani na hannu a ɗora, sau da yawa wanda ƙarfinsa ya bambanta da na asali. Motar da aka yi wa rajista a matsayin ta gida kuma takan koma ɗaukar fasinja da yamma, bayan an tashi daga aiki.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan canje-canje yana da tasiri a kan inshora. Tukunyar gas ita ce sabuwa a cikinsu, kuma ita ce haɗarinta ya fi girma idan ba a yi aikin yadda ya kamata ba.

Inshora iri biyu

Kafin a fahimci tasirin, wajibi ne a bambanta tsakanin nau'o'in inshorar mota guda biyu da aka fi sani a Nijeriya.

Na farko shi ne inshorar dole, wadda doka ta wajabta wa duk mai abin hawa tun zamanin mulkin mallaka, a ƙarƙashin wata doka ta 1945. Ana kiranta inshorar mutum na uku, domin kuwa ba mai mota take biya ba, tana biyan wanda motar ta yi wa ɓarna ne, kamar mai tafiya a ƙasa da aka buge, ko mai shagon da aka rushe wa bango.

Daga ranar 1 ga watan Janairun 2023, hukumar kula da harkokin inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗin wannan inshora ga motar gida daga naira dubu 5 zuwa naira dubu 15 a shekara, ta kuma ɗaga iyakar diyyar ɓarnar dukiya daga naira miliyan ɗaya zuwa miliyan uku. A sanarwar, an yanka wa manyan motocin dakon kaya naira dubu 100, Keke Napep naira dubu 5, babur kuma naira dubu 3. A ranar 1 ga watan Fabrairun 2025 ne rundunar 'yan sanda, a ƙarƙashin Sufeto Janar Kayode Egbetokun, ta fara tilasta bin dokar a faɗin ƙasar.

Na biyu shi ne cikakkiyar inshora, wadda ba dole ba ce. Ita kan haɗa da ɓarnar da aka yi wa wasu, da kuma asarar motar kanta, ko ta hanyar haɗari, ko gobara, ko sata. Sanarwar ta NAICOM ta ce kuɗinta ba zai gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar ba. Galibin masu irin wannan inshora su ne hukumomi da kamfanoni, da waɗanda suka sayi mota da bashin banki ko na ƙungiyar ma'aikata, inda mai ba da bashin ke sanya ta a matsayin sharaɗi.

Ma'anar wannan ita ce, idan wuta ta tashi daga tukunyar gas ta cinye motar da inshorar dole kawai gare ta, mai motar ba shi da haƙƙin ko sisin kwabo a kan motarsa, ko ya sanar da kamfani canjin ko bai sanar ba. Wanda ya fi fuskantar asara saboda rashin sanarwa shi ne mai cikakkiyar inshora, wanda ya biya kuɗi masu yawa yana ganin ya tsira.

Dalilin da ya sa kamfani ke son ya sani

Harkar inshora ta ginu ne a kan wata ƙa'ida da masana shari'a ke kira cikar gaskiya tsakanin ɓangarori biyu. Asalinta a shari'ar Ingila, wadda Nijeriya ta gada, wani hukunci ne da alƙali Lord Mansfield ya yanke a 1766, a kan wata ganuwar 'yan kasuwar Ingila da ke tsibirin Sumatra, wadda aka yi wa inshora kafin Faransawa su ƙwace ta.

Alƙalin ya yi bayanin cewa mai neman inshora shi ya san haƙiƙanin abin da yake so a kare masa, shi kuwa mai ba da inshorar ya dogara ne da maganarsa, saboda haka ɓoye abin da zai sauya lissafin haɗari yana ɓata yarjejeniyar. Abin lura shi ne, a waccan shari'a mai inshorar ne ya yi nasara, domin kotu ta ga cewa abubuwan da aka ce ya ɓoye abubuwa ne da ya kamata mai ba da inshorar ya sani da kansa. Wato dai ƙa'idar tana hawa kan kowane ɓangare.

Tukunyar gas tana sauya lissafin haɗari ta fuskoki uku.

Na ɗaya, tana ƙara wa motar daraja. Alal misali, idan an yi wa mota inshora a kan naira miliyan 6, kuɗin shekara a kan kashi 5 cikin 100 zai kama naira dubu 300. Idan aka sanya mata kayan gas na naira miliyan ɗaya, darajarta ta koma miliyan 7, kuɗin kuma naira dubu 350. Wanda bai biya wannan ƙarin na dubu 50 ba, ko da kamfani ya amince ya biya shi motar, ba zai biya shi kayan da bai san da su ba.

Na biyu, tana ƙara nauyi. Tukunyar ƙarfe irin wadda ake sanya wa ƙananan motoci takan wuce kilo 50, kuma a bayan mota take zama. Motar haya da ta saba ɗaukar fasinja fiye da ƙima da kaya a but, idan aka ƙara mata wannan, birki da taya da sifirin ne za su ji a jikinsu.

Na uku kuma, wanda ya fi muhimmanci, shi ne batun wuta da fashewa.

Gas ɗin mota da gas ɗin girki

Akwai ruɗani a tsakanin jama'a game da iskar gas iri biyu, kuma ruɗanin na iya jawo asarar rai.

Gas ɗin girki, wanda ake sayarwa a kilo, ruwa ne a cikin tukunya, kuma ya fi iska nauyi, ta yadda idan ya tsiyaya yakan kwanta a ƙasa ya taru. Shi kuwa gas ɗin da gwamnati ke ƙarfafa a sanya wa motoci, wanda aka sani da CNG, iska ce da ake matsewa da ƙarfin gaske, kuma ya fi iska sauƙi, saboda haka yakan tashi sama ya watse idan ya sami mafita.

Ana ɗura CNG ne a kan matsin da ya kai ma'aunin bar 200. Iskar tayar ƙaramar mota ba ta wuce bar biyu zuwa biyu da rabi ba, matsin tukunyar girki kuma bai kai kashi ɗaya cikin goma na CNG ba. Don haka ne ake ƙera tukunyar CNG ta ƙarfe da kauri, ba tare da walda a jikinta ba, a kuma buga mata lamba da ranar ƙira da ranar da wa'adinta zai ƙare.

A watan Oktoban 2024, wata mota ta fashe yayin da ake ɗura mata gas a unguwar Aduwawa da ke birnin Benin a jihar Edo, inda mutane suka ji raunuka. Ofishin shirin CNG na fadar shugaban ƙasa, wanda aka kafa a 2023 da burin mayar da motoci miliyan ɗaya zuwa gas kafin ƙarshen 2027, ya bayyana cewa tukunyar da ta fashe haɗin walda ce, ba irin wadda aka amince da ita ba.

Irin wannan aiki na bayan fage ya fi samun kasuwa a inda ƙwararrun wuraren juya mota suka yi nisa. An ƙaddamar da aikin shimfiɗa bututun gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano a 2020, kuma garuruwan da ba sa kan layin bututun sun dogara ne da gas ɗin da ake kawowa a manyan motoci. A irin wannan yanayi, mai mota a Kurfi ko Dutsin-Ma na iya jin sha'awar miƙa motarsa ga duk bakaniken da ya ce ya iya, musamman ganin yadda aka saba juya janareto zuwa gas ɗin girki a cikin unguwa. Amma mota ba janareto ba ce, tana ɗauke da mutane, tana kuma gudu a kan titi cikin zafin bazara.

Babu kamfanin inshorar da zai amince da tukunyar da aka haɗa da walda. Wanda ya sanya ta ya jefa ransa da na fasinjojinsa cikin haɗari, ya kuma buɗe wa kamfani ƙofar ƙin biya.

Abin da doka ta ce

Ba kowane canji ne ke bai wa kamfani damar juya wa mai mota baya ba. Dokar inshora ta 2003, wadda ta yi aiki har zuwa shekarar 2025 lokacin da shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu a kan sabuwar dokar gyaran harkar inshora, ta ƙunshi tanadi biyu da suka sassauta tsohuwar ƙa'idar.

Ta ce wajibi ne kamfani ya tsara fom ɗinsa ta yadda zai tambayi duk abin da yake ganin yana da muhimmanci, kuma abin da bai tambaya ba ba za a ɗauke shi mai muhimmanci ba. Ta kuma ce saɓa wani sharaɗi ba zai zama hujjar ƙin biya ba sai idan sharaɗin yana da alaƙa da haɗarin ko asarar da ake magana a kai.

Hikimar da ke cikin wannan a fili take. Wanda ya sauya rediyon motarsa, sannan wata mota ta buge shi daga baya, babu alaƙa tsakanin canjin da asarar. Wanda ya sanya tukunyar gas a ɓoye, sannan wuta ta tashi daga bututunta, alaƙar ba ta buƙatar dogon bayani. Kuma nau'in man da mota ke sha, da lambar injinta, da adadin kujerunta, da aikin da ake yi da ita, duk suna cikin abubuwan da kamfanoni suka saba tambaya tun farko.

Batun aikin da ake yi da mota ya cancanci kulawa ta musamman. Takardar inshorar motar gida takan fayyace cewa ba ta shafi ɗaukar fasinja ko kaya don a biya kuɗi ba. Ma'aikacin da ya juya motarsa zuwa gas, ya ga tafiya ta yi araha, ya fara ɗaukar fasinja tsakanin Dutsin-Ma da Katsina, ya yi canji biyu ne a lokaci guda, kuma na biyun na iya barinsa da nauyin diyyar fasinjojin da suka ji rauni a wuyansa.

Yadda ake yi a wasu ƙasashe

Ƙasar Indiya ta riga Nijeriya shiga wannan harka. A 1998 kotun ƙolin ƙasar ta ba da umarnin mayar da motocin bas na birnin Delhi zuwa CNG saboda gurɓatar iska. A can, wanda ya sanya wa motarsa tukunya sai ya je an rubuta canjin a takardar rajistar motar, sannan ya kai wa kamfanin inshora ya rubuta a tasa takardar, ya biya ɗan ƙarin kuɗi. Ana kuma gwada ƙarfin tukunyar duk bayan shekaru uku.

A Ingila kuwa matsalar takan taso ne ta wata fuska. Mutane da dama kan sayi motar ɗaukar kaya su mayar da ita ɗakin kwana na tafiye-tafiye, su sanya gado da murhu da na'urar ɗumama ɗaki mai aiki da man dizal ko gas, saboda tsananin sanyi. Kamfanonin inshora na ɗaukar wannan na'ura a matsayin canjin da dole a sanar da su, domin ana jona ta da tankin mai da wayoyin lantarki, kuma tana iya haddasa gobara ko fitar da hayaƙi mai guba idan ba a haɗa ta daidai ba. Wasu kamfanonin kan nemi shaidar cewa ƙwararre ne ya duba aikin gas ɗin.

Wata dokar ƙasar ta 2012 ta bambanta tsakanin wanda ya ba da bayanin da ba daidai ba da gangan da wanda ya yi sakaci. Na farko, kamfani na iya soke yarjejeniyar ya riƙe kuɗinsa. Na biyu kuma, idan da ma kamfanin zai karɓe shi a kan kuɗi mafi yawa, sai a rage masa diyya gwargwadon abin da ya biya.

Ga masu takaful

Da yawa daga cikin Musulmin arewacin Nijeriya na ƙyamar inshorar da aka saba da ita, saboda abin da malamai suka ambata na riba da garari a cikinta. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba, ta kuma amince da ta taimakekeniya, wadda aka fi sani da takaful. An kafa kamfani na farko mai wannan tsari a Sudan a 1979. A Nijeriya, NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kuma kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful sun sami lasisi a 2016.

A tsarin takaful, kuɗin da kowa ya zuba gudummawa ce a asusu guda, daga cikinsa ake biyan wanda asara ta faɗa wa, kamfani kuma wakili ne mai kula da asusun. Saboda haka wajibcin faɗin gaskiya ya fi nauyi a nan. Wanda ya ɓoye cewa motarsa na ɗauke da tukunyar gas, ya zuba kuɗin da bai kai haɗarinsa ba, dukiyar 'yan uwansa masu zubi ce zai ci idan aka biya shi.

Matakan da suka kamata

Mataki na farko ga mai niyyar juya motarsa shi ne ya tabbatar cewa inshorar tasa ta gaskiya ce. Takardun bogi sun daɗe suna yawo a kewayen ofisoshin sabunta takardun mota, kuma ƙungiyar kamfanonin inshora ta Nijeriya tana da rumbun bayanai a intanet inda ake duba sahihancin takarda da lambar mota.

Na biyu, ya rubuta wa kamfanin ko dillalinsa kafin a taɓa motar, ya tambayi sharuɗɗansu. Maganar baki a tasha ko ta wayar tarho ba ta zama hujja a ranar jayayya.

Na uku, ya kai motar wurin da hukuma ta tantance, ya karɓi rasiɗi da takardar shaidar aikin mai ɗauke da lambar tukunya da ranar da za a sake gwada ta.

Na huɗu, ya miƙa kwafin waɗannan takardu ga kamfanin, ya tabbatar an ba shi rubutacciyar shaida cewa an shigar da canjin cikin yarjejeniyar. Ya kuma tuntuɓi ofishin rajistar motoci domin bayanin da ke takardun motar ya dace da abin da ke cikinta.

Wannan tsari ya shafi wanda ya sauya inji, da wanda ya cire ko ya ƙara kujeru, da wanda ya mayar da motar gida ta haya. Haka nan wanda ya sayi motar da aka riga aka juya, ya kamata ya karɓi takardun tukunyar tare da na motar. Idan kuma kamfani ya ƙi biyan diyya bayan an cika waɗannan sharuɗɗa, hukumar NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafe-ƙorafen jama'a, kuma ƙofar kotu a buɗe take.